Filin Ƙwallo na Unguwa: Magajin Dandali



Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa filin ƙwallo na unguwa shi ne magajin dandali, kuma duk garin da ya rasa shi ya yi asarar wani babban sashe na tarbiyyar 'ya'yansa.

A ƙasar Hausa ta dauri, kowace unguwa tana da dandalinta. Idan farin wata ya fito, sai 'yan mata su yi gaɗa, samari su yi langa da kokawa, manya kuwa suna zaune a ƙofar gida suna lura da su. A nan ne yaro yake koyon bin doka ba tare da bulala ba, ya kuma gane cewa wanda ya yi kaye yau, gobe ana iya kayar da shi. Da birane suka cika suka batse, sai aka yanka filayen nan aka yi gidaje da kantuna. Yara suka koma buga ƙwallo a kan titi, rayukansu na hannun direbobi. Waɗanda suka gaji da wannan kuwa sukan faɗa zaman banza, wanda shi ne ƙofar shaye-shaye da daba.

Wannan matsala ta cunkoso ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba, saboda haka ya kamata a dubi yadda wasu suka fuskance ta. Alal misali, a unguwar Harlem ta birnin Niyok a Amurka, inda baƙar fata suka yi yawa, wani ma'aikacin hukumar kula da filayen wasa mai suna Holcombe Rucker ya kafa gasar ƙwallon kwando ta yaran unguwa wajen shekarar 1950. Ya haɗa wasa da karatu, har yakan duba sakamakon jarrabawar yaro kafin ya bar shi ya shiga fili. Ta haka ɗaruruwan samari suka sami tallafin shiga jami'a. Rucker ya mutu a 1965, a 1974 kuma aka sa wa filin da ake gasar sunansa. Shahararrun 'yan wasa irin su Kareem Abdul-Jabbar sun taka wannan fili, amma babbar ribarsa ita ce yaran da suka tsira daga lalacewa.

Mai yiwuwa a ce ai babu sauran fili a gari. To, filin ƙwallon kwando tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15, watau kusan daidai da fuloti guda mai ƙafa 100 bisa 50. Daɗin daɗawa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a Nijeriya ga hannun gwamnan jiha, a matsayin amana ta jama'a. Ashe ke nan ma'aikacin da yake zana taswirar sabuwar unguwa yana da hanyar ware wa yara fuloti guda, ya kuma tsare shi daga masu kwaɗayi.

Sai dai fili kaɗai ba ya tarbiyya. Dole ne mai unguwa da dattawa su sa ido, a tsayar da wasa lokacin salla da karatu, a kuma keɓe wa 'yan mata nasu lokaci. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa a gane, amin.