Makon Farko a Ƙauye



An nemi in yi magana a kan makon farko na aikin da jami'a take tura ɗalibai su yi a karkara, wato su zauna tare da manoma su koyi aikin malamin gona. Na dubi fuskokin waɗanda za su fita bana, na kuwa ga alamar fargaba. Wani yana tsoron kada dattijo ya yi masa tambayar da ba shi da amsarta. Wani a birni ya tashi, bai taɓa riƙe fartanya ba, ga shi za a kai shi gaban wanda ya shekara arba'in yana noma. Wata kuma tana tunanin yadda za ta shiga gidan da ba ta san kowa ba. To, wannan fargaba tana da amfani, muddin ta sa ɗalibi ya rage magana ya yawaita saurare. Wanda nake jiye wa tsoro shi ne wanda zai sauka daga mota yana ganin ya kawo wa jahilai haske.

Dalilina yana cikin tarihin aikin kansa. Tun 1922 aka kafa tashar binciken noma a Samaru, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Shekaru da yawa masana suna shawartar manomi ya shuka iri ɗaya tak a gona, shi kuwa manomi yana ci gaba da haɗa gero da dawa da wake, har aka riƙa ɗaukar abin taurin kai ne. Sai a 1966 da 1967 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa suka bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, suna rubuta aikinsu da amfanin da suke samu. Binciken ya nuna gonar haɗi ta fi ba da riba a kan kowace eka, kuma idan damina ta yi gardama wani iri ya lalace, wani yakan tsira. Ya kuma nuna abin da ya fi ƙuntata wa manomi shi ne ƙarancin hannu a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai. Shi ya sa yake jinkirta shukar auduga sai ya gama da abincin gidansa. Ashe manomi yana da lissafinsa, tambayarsa ne ba a yi ba.

Saboda haka ranar farko ta gaisuwa ce. Da ɗan gari akan ci gari. Ku bi malamin gona na yankin ya kai ku wurin dagaci, ku tuɓe takalma, ku durƙusa, ku ce ranka ya daɗe. Daga nan sai liman da mai unguwa da Sarkin Noma. Ku faɗi abin da ya kawo ku dalla-dalla, domin baƙo mai takarda da alƙalami yana ƙirga gonaki yakan tuna wa dattawa zamanin haraji da jangali, ko da yake gwamnatocin Kano da Kaduna sun soke su tun 1979. Idan ba a gane ku ba a ranar farko, mai dami hamsin zai ce muku goma ya samu.

Rana ta biyu da ta uku na gona ne. Da damina ba a samun manomi a zaure da hantsi, sai ku yi sammako ku bi shi. Ku roƙi fartanya ku kama kunya ɗaya. Za a yi muku dariya, hannunku zai yi kanta, amma dariyar nan ita ce za ta buɗe bakin mutane. Ku yi tambaya da ma'aunin da suka sani, wato dami da tiya da buhu, lissafin hekta kuwa ku bari sai kun koma masauki. Ku bambance gandu, wanda mai gida yake iko da shi, da gayauna, wadda ƙane ko ɗa yake noma wa kansa, domin shawarar da aka ba wanda ba shi da iko da gona ta faɗi ƙasa banza.

Kafin kwana huɗu tambayar da kuke tsoro za ta zo. Wani zai tumɓuke wuta-wuta daga gonar dawarsa ya ce, malam, mene ne maganin wannan? Ku faɗi iyakar abin da kuka sani: ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, takan yi shekaru a ƙasa ba ta mutu ba, tana kama saiwar dawa ta tsotse ta tun kafin ta fito fili, kuma ana rage ta da cirewa kafin ta yi 'ya'ya, da zuba taki, da juya gona zuwa gyaɗa ko auduga ko waken suya. Inda iliminku ya ƙare, ku ce za ku tambayo, ku kuwa tambayo ku dawo da amsa. Kada kunya ta sa ku ƙaga magani. Ku maki kuke nema, shi kuwa abincin iyalinsa na shekara ne a kan maganarku. Haka nan kada ku yi alkawarin takin zamani ko rance, tun da ba a hannunku suke ba. Alkawari kaya ne, kuma ɗaliban baɗi ne za su tarar da bashin.

'Yan'uwana mata, ku kuna da ƙofar da maza ba su da ita. Namiji iyakarsa zaure, ku kuwa har tsakar gida. A can ake matse gyaɗa a fitar da mai da ƙuliƙuli, a can ake kiwon awaki da kaji, daga can yara suke fita da talla. Rahoton da ya bar wannan ya bar rabin arzikin gari. Ranar kasuwa kuma kowa ya je ya ji farashin tiya da kunnensa, ya ga wanda yake saye da wanda tilas ta sa ya sayar.

Idan mako ya cika, kada ɗalibi ya auna kansa da yawan abin da ya koyar. Ya tambayi kansa: sunayen magidanta nawa na riƙe? Wa ya kira ni gonarsa ba tare da dagaci ya sa shi ba? Wace tambaya zan kai wa malamaina? Da yawanku gobe za ku zauna a ofis kuna sa hannu a takardun da za su shafi waɗannan mutane, kuma abin da kuka ji a wannan mako shi ne zai hana ku yanke musu hukunci daga nesa.

Allah ya kai ku lafiya, ya ba mu damina mai albarka.