Gizo-gizon Amurka da Kububuwar Gonakinmu



Hutu ya gabato, da yawanmu kuwa za mu koma Dinawa da Wurno da Raba da Goronyo, mu ajiye alƙalami mu ɗauki lauje. Don haka muka ga ya dace mu duba maganar gizo-gizon nan mai launin ƙasa, wanda hotonsa ke yawo cikin wayoyi tare da hannun mutum da ya ruɓe.

Masana suna kiransa Loxosceles reclusa, watau mai son kaɗaici. Mazauninsa tsakiyar ƙasar Amurka ne da kudancinta, jihohin Misuri da Kansas da Oklahoma. Jikinsa bai wuce santimita 2 ba. Idanunsa shida ne, biyu-biyu, alhali yawancin gizo-gizo takwas gare su, kuma a bayansa akwai tabo mai kama da goge. Cikin kwali da takalmi da tufafin da aka daɗe ba a taɓa ba yake ɓuya, ba ya cizo sai an matse shi da fata. Yawancin cizon kan warke da kansa, kaɗan ne ke cin nama. A 2001 an kama guda 2,055 cikin wata shida a wani gida a Kansas, ba wanda suka ciza. Wani danginsa ɗan yankin Bahar Rum ya bi kayan jiragen ruwa ya bazu ƙasashe da dama, saboda haka mai buɗe kwalayen sito ba ya rasa dalilin sa safar hannu.

A nan gida, mutum kan tashi da bororo a wuya a ce tautau ne. Sau da yawa hangara ce aka murje cikin barci, musamman lokacin da gero ke fure, ko kuwa maruru. A wanke da sabulu, kada a shafa toka ko kashin shanu. In wurin ya yi ta faɗi ko zazzaɓi ya shigo, sai asibiti.

To, jama'a, abin da ya fi cancanta mu ji wa tsoro yana ƙarƙashin damin da za mu ɗaga. Tun da aka gama madatsar Goronyo kan Gulbin Rima a 1984, aikin gona a ƙasarmu bai san rani ba: in ba girbin gero ba, dashen albasa da tafarnuwa, ko yankan shinkafa. Hannu da ƙafa kullum cikin kara da ciyawa. Nan kububuwa take, gajera, launinta kamar ƙasa da ɗigo-ɗigo masu haske, in ta fusata ta naɗe tana goga jikinta yana ƙara. Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara yakan taka da ƙafarsa zuwa gida, har a ce ya tsira, sai bayan yini ko biyu a ga jini a dasashinsa da fitsarinsa. Ba banza aka yi mata laƙabi da gobe-da-nisa ba.

Likita David Warrell da abokan aikinsa sun yi nazarin saranta a Zariya cikin shekarun 1970. Gwajin da ake yi mai sauƙi ne: a ɗebi jini cikin busasshiyar kwalba mai tsabta, a jira minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga, sai allurar maganin dafi. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya shahara da wannan aiki. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Mu dai mun san su wa aka yi wa sakacin, gama ba a ofis maciji ke sara ba.

Mu da muka yi karatu kan ji kunyar gaya wa iyaye abin da ya saɓa wa al'ada, amma dole mu faɗa da ladabi. A sa dogon takalmin roba. A juya dami da sanda kafin a ɗaga. Kada yara su zura hannu ramin gafiya. A riƙe tocila in za a ban ruwan dare, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. In tsautsayi ya auku, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaurin igiya tamau. A cire zobe, a hana gaɓar motsi, kada a tsaya farautar macijin. A ɗauki mutum a kai shi asibiti ran nan, ko da yana rantsuwa ba ya jin kome.