Ƙofar Likita da Takardar Baƙo

Jagororin ƙaramar hukumar Alakos, sarakunan gargajiya, malamai, ma'aikatan kiwon lafiya, iyaye mata da matasa, ina gode muku da kuka baro gona da garke kuka taru a nan Garazu.

Zancen zai faro ne daga Amurka. A watan Janairun 2024 jihar Kalifoniya ta kammala buɗe wa baƙi marasa takardu, manya da yara, tsarinta na jinyar talakawa mai suna Medi-Cal. A watan Mayun 2025 gwamnanta Gavin Newsom ya ce kuɗin ya yi wa baitulmali nauyi, ya nemi a daina rubuta sababbin manya daga Janairun 2026. Jihar Ilinoy ma ta rufe nata shirin na masu shekara 42 zuwa 64 a ranar 1 ga Yulin 2025. Hujjar ɗaya ce: aljihu ya yi ƙasa, a fara da ɗan gida.

Wani zai ce ina ruwan Alakos da Kalifoniya? Ruwanmu a ciki yake tsundum, don mu ne baƙin nan a ƙasar wasu. Gida nawa ne a jaharmu ta Damagaram da ba su da ɗa a Sabha ko Tamanrasat? A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawansu daga yankin Kance. Daga ƙarshen 2014 Aljeriya ta shiga kwaso ƴan Nijar cikin manyan motoci tana sauke su a Asamaka. Yaron da zazzaɓi ya kama a can yakan kwanta a ɗaki ya daure, don yana tsoron hanyar asibiti ta zama hanyar kora. Wanda ya san wannan a gidansu bai kamata ya so a yi wa baƙon da ke garinsu haka ba.

Ba na raina maganar kuɗi. Tun 2006 ƙasarmu ta yafe kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki, kuma majo-majo, shugabannin likitocinmu, da ke zaune a nan sun fi ni sanin abin da ya biyo baya: kuɗin da gwamnati za ta maida wa likitoci yakan makara, kantar magani ta ƙare, uwa ta karɓi takarda ta nufi kasuwa. A 2024 kuma aka rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati. Kowane sassauci akwai mai biyansa. To amma idan rumbu ya yi ƙasa, korar baƙo ɗaya ko biyu daga layi ba ta cika shi. Sifaniya ta gwada: a 2012 ta ƙwace katin jinya daga marasa takardu, a 2018 ta maida musu.

Yanzu ku bari in daɗe a kan abin da ya fi damuna. A ce gobe an wajabta nuna takarda kafin allura. Wa za a fara mayarwa gida a Alakos? Ba mutumin Gini ko Kamaru ba ne. Makiyayin da aka haifa a bakin rijiya ne, wanda ba a taɓa yi masa takardar haihuwa ba. Tsohuwa ce da ba ta taɓa riƙe katin ɗan ƙasa ba, alhali kakanninta a wannan ƙasa aka rufe su. Bafulatana ce da ta yi rani a Yobe, damina ta maido ta arewa da jariri a goye. Ta yaya ma'aikacin jinya zai gane ɗan gida daga baƙo, su da harshensu ɗaya, tsagensu ɗaya? Ba aikinsa ba ne, kuma ɗora masa shi zalunci ne.

Ita cuta kuwa ba ta tsayawa a shingen jandarmomi. A 2023 mashaƙo ya addabi Kano, ya kuma addabi Matamai. Ƙyanda ma haka take yawo. Yaron baƙo da aka hana wa rigakafi, da ɗanka zai yi wasa a gindin famfo, ranar kasuwa kuma su sha fura a ƙwarya guda. Matar da aka mayar ranar awo, ita ce za a kawo kan amalanke cikin dare da doguwar naƙuda, a nemi motar da za ta kai ta Gure, kuɗin ya ninka.

Na san a Janairun 2025 an tsananta dokar shigar baƙi da zamansu a Nijar. Tsaron iyaka yana da ma'aikatansa, su yi aikinsu. Likita kuwa ta tambayi ciwo.

Roƙona biyu ne. Masu unguwanni da limamai, ku matsa wa iyaye su rubuta haihuwar kowane jariri tun kafin a watse daga taron suna. Ku kuma ƴan kwamitin kula da likita, ku rubuta a littafinku cewa a Alakos ba a mayar da majinyaci saboda takarda, ku karanta wa jama'a a zamanku na gaba.