Neman Asalin Zuri'a a Zamanin Intanet



Da yawa daga cikinmu, in an tambaye mu sunan kakan kakanmu, sai mu yi shiru. Yaranmu da aka haifa a birane kuwa, nasu ya fi namu muni. Abin tambaya shi ne, wane taimako intanet za ta yi mana wajen cike wannan giɓi?

Da farko, akwai dandalin Internet Archive, wanda aka kafa a Amurka a 1996. A nan ake karanta tsofaffin littattafai kyauta, har da labaran tafiye-tafiyen Barth, wanda ya zo Kano a 1851. Haka kuma Tarihin Kano da Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908 yana nan a dandalin JSTOR. Sai dandalin FamilySearch, inda mutum zai tsara jerin kakanninsa ba tare da biyan ko kwabo ba. Akwai kuma shafukan da ke juya shekarar Hijira zuwa Miladiyya, masu amfani ga wanda ya gaji takardun ajami.

Sai dai a kula. Turawan da suka rubuta waɗannan littattafai sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya jiye musu. Clapperton ya rubuta Sakkwato da "Sackatoo". Don haka mai bincike ya gwada suna ta fuskoki daban-daban kafin ya fid da rai.

Abu mafi muhimmanci kuma, waɗannan rumbuna sun fi ambaton sarakuna da yaƙe-yaƙe da garuruwa. Manomi da maƙeri da masaƙi, sunayensu suna bakin tsofaffinmu ne. In tsohuwa ta ce an haifi mahaifinta shekarar da Nasara suka ci Kano, littafi zai gaya mana 1903 ke nan. Amma ita kaɗai ta san sunansa da unguwar da ya taso.

Saboda haka muna kira ga kowane gida ya wakilta matashi guda, ya zauna da dattawa, ya ɗauki muryarsu da waya, ya rubuta, sannan ya kawo wa ƙungiya kwafi domin ajiya. Littattafan suna nan, za su jira mu. Dattawan ne ya kamata mu hanzarta zuwa wurinsu tun suna raye.