Majalisi na Goma Sha Bakwai: Samarinmu da Amanar Ƙasa

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da ruwa, Mai juya iska. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, Allah Ya karɓi azuminmu.

Shekaranjiya, bayan sallar asham, wasu samari suka tare ni a ƙofar masallaci, suna neman izinin yi wa jama'a magana a kan saran itatuwa da canjin yanayi. Kafin in buɗe baki, wani dattijo sa'ana ya ce musu ruwa da fari na Allah ne, yaro me ya sani? Suka sunkuyar da kai suka tafi. Ni kuwa na yi shiru, kuma shirun nan ya hana ni barci.

Dattijon ya faɗi rabin gaskiya. Babu ɗigon da ke sauka sai da izinin Allah. Amma Annabi Yusufu, alaihis salamu, da ya fassara mafarkin sarki ya ga shekaru bakwai na tsanani suna tafe, bai naɗe hannu ba. Ya ce a adana hatsi cikin zangarniyarsa. Wa zai ce ya fi shi tawakkali?

Ina almajiri na ga farin 1973, na ga mushen shanu a bakin hanya. Na ga na 1984. Yanzu kuma damina sai ta makara, in ta zo ta zo da fushi. A 2020 kogi ya cinye unguwanni a Yamai. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ɗakin Allah da kakanninmu suka yi sujada a cikinsa.

Yaran nan sun yi mini bayani, kuma ban ji kunyar koyo daga gare su ba. Hayaƙin man fetur da kwal yana taruwa a sama, ya riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumi. Rabon Afirka duka a cikin hayaƙin nan bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, amma geronmu ne ke ƙonewa. A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara. Aka yi ta jan ƙafa. Sai a 2022, a ƙasar Masar, aka yarda a kafa asusun biyan ɓarna, bayan matasan duniya sun daɗe suna ɗaga murya. To, a fiƙihun da muka karanta, wanda dabbarsa ta ci gonar wani da dare, shi ke biya. Ashe samarin nan hakki suke nema, ba fitina ba.

Batun ƙuruciya kuwa, Manzon Allah ya ɗora Usamatu ɗan Zaidu a kan runduna bai kai shekara ashirin ba, alhali akwai manyan sahabbai a cikinta. Da wasu suka yi gunaguni, su aka yi wa gyara.

Kuma muna da namu aikin a gida. Manoman Maradi da Damagaram, da sassaben zamani kawai, wato barin kututture ya tofo a gyara shi, sun dawo da itatuwa kimanin miliyan 200. Dubi gawo: ya zubar da ganye da damina ya ba hatsi rana, ya ciyar da bisashe da rani. Amma dashen ranar 3 ga Agusta, nawa ne ke kai ga damina ta gaba? A ɗauki hoto a watse, akuya ta yi buɗa-baki da shi.

Ku kuma ƴaƴana, ku riƙe ladabi. Kada ku zagi babba, kada ku ƙona taya a titi, don hayaƙi kuke ƙarawa.

Na aika a kira waɗancan samari. Ranar Juma'a bayan sallama zan ba su lasifika minti goma, kuma ina roƙon limamai na Tawa, Maradi, Damagaram da Yamai su yi haka. Dattijon nan ma na je gidansa. Ya ce zai zauna a sahun gaba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga fari da ambaliya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.