Koyi da Kwaikwayo a Sana'ar Na'urorin Wasan Bidiyo



1.0 Gabatarwa

Batun wannan lacca shi ne na'urorin wasan bidiyo, watau akwatunan nan da ake jona wa telebijin, ko a riƙe su a hannu, a yi wasa da hotuna masu motsi. Mai yiwuwa ne wani ya ga cewa abin wasan yara bai cancanci zauren jami'a ba. To, amma sana'a ce ta biliyoyin daloli, tarihinta kuma bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba, yawancinsa yana nan a rubuce cikin takardun kotu da lissafin cinikin kamfanoni. Saboda haka ta dace da nazarin wata tambaya da ta shafi kowace sana'a: tsakanin wanda ya fara ƙago abu da wanda ya gani ya yi irinsa, wane ne ke cin riba, wane ne kuma ke ciyar da sana'ar gaba?

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a tsai da ma'anar kalmomi, domin Hausa ta rarrabe abubuwan da sau da yawa akan haɗa su a kwando guda. Ƙirƙira ita ce samar da abin da babu shi a da. Koyi shi ne abin da yaro ke yi gaban maigidansa a maƙera ko majema: yana kallon hannu, yana neman dalilin kowane bugu, har ya ƙware ya ƙara nasa. Kwaikwayo kuwa maimaita siffar abu ne ba tare da sanin dalilinta ba, in aka haɗa shi da yaudara sai ya zama jabu. Abin da tarihin waɗannan na'urori ya nuna shi ne, koyi ne ya gina sana'ar, kwaikwayo ya durƙusar da ita har sau biyu, ƙirƙira zalla kuma ba kullum take ciyar da mai ita ba.

2.0 Wanda ya fara da wanda ya gyara

A shekarar 1966 wani injiniya a Amurka, Ralph Baer, haifaffen Jamus, ya fara tsara yadda za a yi wasa a fuskar telebijin na gida. Kamfanin Magnavox ya karɓi fasahar, ya fito da na'urar Odyssey a 1972, wadda ita ce ta farko irinta da aka sayar wa jama'a. Sai dai ba ta da sauti, ba ta ƙirga maki, sai an manna wata leda mai zane a fuskar telebijin kafin filin wasa ya bayyana. Bugu da ƙari, yadda aka tallata ta ya sa mutane da dama suka zaci sai mai telebijin ƙirar Magnavox ne zai iya amfani da ita.

A watan Mayu na shekarar nan wani mutum mai suna Nolan Bushnell ya halarci wurin nunin Odyssey a jihar Kaliforniya, ya ga wasan ƙwallon tebur da ke cikinta. Ba da jimawa ba shi da Ted Dabney suka kafa kamfanin Atari, suka sa injiniyansu Allan Alcorn ya yi wasa irin wannan. Alcorn ya sa sauti, ya sa maki suna fitowa a allo, ya sa gudun ƙwallo yana ƙaruwa in wasa ya yi tsawo, inda ƙwallo ta nufa kuma ya danganta da wurin da ta bugi faranti. Aka sa wa wasan suna Pong, shi ne kuma ya yi tashe. Magnavox ya kai ƙara a 1974, aka kuma gabatar da littafin baƙi na wurin nunin mai ɗauke da sa hannun Bushnell a matsayin shaida. A 1976 Atari ya nemi sulhu, ya biya kuɗin lasisi. Ke nan tun ranar farko haƙƙi ya tabbata ga wanda ya fara, kasuwa kuma ta bi wanda ya gyara.

3.0 Yadda kwaikwayo ya kassara kasuwa

A 1976 kamfanin General Instrument ya dunƙule wasannin irin na Pong cikin ƙwayar lantarki guda ɗaya, yana sayar wa duk mai so. Daga nan ba a bukatar ilmi mai zurfi: a sayi ƙwaya, a sa ta cikin akwatin roba, a liƙa suna. Kamfanoni barkatai suka shigo, kowa da wasa iri ɗaya, farashi ya faɗi, kaya suka yi kwantai a 1977, da yawa suka bar sana'ar.

Abin da ya ceci kasuwa ƙirƙira ce ta gaske. A 1976 kamfanin Fairchild, ƙarƙashin jagorancin injiniya Jerry Lawson, Baƙin Amurka, ya fito da Channel F, na'ura ta farko da ake sauya mata wasa ta hanyar zura kaset mai ɗauke da shirin wasan. Amma a nan ma Atari ne ya kwashi ribar, da na'urarsa ta 1977 wadda daga baya aka sani da Atari 2600.

Faɗuwa ta biyu ta fi muni. A 1979 waɗansu ma'aikatan Atari suka ɓalle suka kafa Activision don yin kaset na na'urar tsohon gidansu. Su ƙwararru ne, wasanninsu kuma masu kyau ne. Da shari'arsu da Atari ta ƙare da sulhu a 1982, sai ƙofa ta buɗe ga kowa, har da waɗanda ba su san komai game da tsara wasa ba. Kantuna suka cika da kaset marasa inganci, mai saye ya kasa rarrabe tsaba da tsakuwa, sai ya daina saye baki ɗaya. A 1983 Atari ya yi asarar sama da dala miliyan 500, ya binne dubban ɗaruruwan kaset a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, inda aka tono waɗansunsu a 2014. Asarar kwaikwayo ba ta tsaya kan mai yin sa ba, ta cinye amanar da ke tsakanin mai saye da dukan masu sana'ar.

4.0 Ɗan koyo ya zama maigida

Kamfanin da ya farfaɗo da kasuwar a Amurka daga Japan ya fito. An kafa Nintendo a birnin Kyoto a 1889, sana'arsa ta asali kuwa yin karta ce. Na'urarsa ta farko ta telebijin, Color TV-Game ta 1977, wasannin irin na Pong ne kawai ke cikinta. Watau shi ma da bin sawun wasu ya fara. Bambancinsa da sauran shi ne ya yi nazarin abin da ya kā da na gabansa, gama na gaba idon na baya ne. Bayan ya fito da Famicom a Japan a 1983, da zai kai ta Amurka a 1985 da sunan NES, sai ya sa mata makullin lantarki wanda ke ƙin kaset ɗin da ba shi da izini, ya ƙayyade wa kowane kamfani wasanni biyar a shekara, ya kuma riƙa buga hatiminsa a kan kwalin kowane wasa. An zarge shi da danniya a kan wannan tsari, zargin kuma yana da tushe, amma mai saye ya dawo.

Wani injiniyan kamfanin, Gunpei Yokoi, yana da ra'ayin cewa a nemi fasahar da ta riga ta tsufa ta yi araha, a yi mata sabon amfani. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan da ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Game Boy ta 1989 allonta ba shi da launi, alhali Lynx ta Atari da Game Gear ta Sega masu launi ne. Amma waɗannan biyun batir shida suke ci, su ƙare cikin 'yan awoyi, ita kuwa huɗu take ci su daɗe, ga ta da araha. Ita da ƙanwarta mai launi an sayar da fiye da miliyan 118. A nan sabon abu yana cikin fahimtar bukatar mai saye, kayan cikin na'urar kuwa kowa na iya samunsu a kasuwa.

5.0 Aron dabara tsakanin manya

Sony ya shigo sana'ar ne ta hanyar ƙawance da Nintendo, domin su yi na'ura mai aiki da faifan CD. A 1991 Nintendo ya juya masa baya ya ƙulla da Philips. Injiniya Ken Kutaragi ya shawo kan shugabannin Sony su ci gaba su kaɗai, aka fito da PlayStation a Disamba 1994. Waɗansu kamfanoni sun riga Sony amfani da faifai, amma shi ne ya gane cewa arahar buga faifai da yawan abin da yake ɗauka za su jawo masu tsara wasanni. Aka sayar da fiye da miliyan 100.

Nintendo 64 ta 1996 ta zo da ɗan turke a jikin abin riƙewa, wanda matasa ke kira hannu, ana juya shi da babban yatsa, a 1997 kuma aka ƙara mata abin da ke sa hannun karkarwa. A cikin 1997 ɗin Sony ya fito da DualShock mai turke biyu, da karkarwar a cikinsa. Turke na biyu ya ba mai wasa ikon juya kallonsa yayin da yake tafiya, abin da ya zama ƙa'ida ga dukan sana'ar, har shi Nintendo ya dawo ya ɗauka. Wannan shi ne koyi: an karɓa, an ƙara, har mai abu ya amfana.

A kwatanta wannan da abin da ya biyo bayan Wii ta 2006, wadda ake wasa da ita ta hanyar kaɗa hannu a iska. Ƙarfinta bai kai na abokan gasarta ba, amma ta jawo tsofaffi da iyalai, ta haura miliyan 100. A 2010 Sony ya fito da Move, Microsoft ya fito da Kinect. Kinect fasaha ce mai zurfi, kyamara ce ke karanta motsin jiki, ta kuma yi kasuwa da farko. Amma ƙari ne aka ɗora a kan na'urar da aka gina don wani irin mai wasa dabam, wasannin da za su riƙe mutane suka yi ƙaranci, aka daina ƙera ta a 2017. Kama da wane ba ta wane.

Kada kuma a ɗauka duk sabon abu nasara ne. Virtual Boy ta 1995, wadda Yokoi ɗin nan ya jagoranta, ba ta kai miliyan ɗaya ba. Wii U ta 2012 ta tsaya a wajen miliyan 13 da rabi. Amma daga tunaninta na allo a hannu aka gina Switch ta 2017, wadda ta wuce miliyan 140. Ashe kamfani yakan yi koyi da kuskuren kansa kamar yadda yake yi da nasarar wani.

6.0 Inda doka ta ja layi

Doka ba ta hana koyi ba, iyaka ta yi masa. Takardar mallakar fasaha tana kare mai ƙirƙira na shekara 20 ne, da sharaɗin ya bayyana yadda abin ke aiki, daga nan ya zama na kowa. Dokar haƙƙin mallaka kuma tana kare yadda aka fito da tunani, shi tunanin kansa ba a mallakarsa. A 1982 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta dakatar da wasan K.C. Munchkin domin siffarsa ta yi kama da Pac-Man ƙwarai. A 1992 kuwa, a shari'ar Sega da Accolade, kotu ta halatta warware na'urar wani don gane yadda take aiki, in manufar ita ce yin sabon wasa da zai dace da ita.

A ɗaya gefen akwai kwafin Famicom marasa izini da aka riƙa ƙerawa a Taiwan da Sin, irin su Dendy da ta mamaye Rasha daga 1992, da ire-irenta da suka iso kasuwannin Afirka. Lalle sun kai wasa gidajen da ba za su iya sayen na asali ba, wannan kuwa amfani ne. Amma shekara da shekaru suna maimaita na'urar 1983, ba su haifar da wata sabuwa ba.

7.0 Kammalawa

A bayan yaƙin duniya na biyu ana yi wa kayan Japan kallon kwaikwayo mai araha. Cikin shekara arba'in ƙasar ta zama jagorar wannan sana'a da aka ƙago a Amurka, ta hanyar lasisi da nazari da gyara. Ga ɗalibi, darasin shi ne bin sawun na gaba ba abin kunya ba ne, muddin ya san dalilin kowane taku. Ga ma'aikacin gwamnati da ke tsara yarjejeniyar shigo da fasaha ko duba ingancin kaya, tambayar da ta kamata ya yi wa kowane aiki ita ce: me aka ƙara a kan abin da aka samu, kuma bayan shekara goma su wane ne za su iya ƙera na gaba da shi? In babu amsa, to zanen aro ne, wanda Bahaushe ya ce ba ya rufe katara.