Muryar wa muke ji? Jawabi ga jama'ar Bande

 

Abin da ya tsayar da ni gabanku shi ne na'urar nan mai kwaikwayon basirar ɗan Adam. A ba ta faifan mawaƙi ta saurara, sai ta rera sabuwar waƙa da muryarsa, ko da ya daɗe a kushewa. A 2023 wani ya saki waƙa da muryar Drake da The Weeknd, mawaƙan Kanada, ba da izininsu ba, miliyoyi suka ji kafin a janye ta. A shekarar ce kuma hukumar haƙƙin mallaka ta Amurka ta ƙi yi wa Jason Allen rajistar hoton da ya ci gasa da shi a Kolorado a 2022, domin manhajar Midjourney ce ta zana.

Ba aro nake tuhuma ba. Masu bandiri a Kano sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun yabi Manzon Allah da shi, tsira da aminci su tabbata gare shi. Kowane makaɗi sai da ya yi amshi a bayan wani kafin ya riƙe gaba. Amma mai aro yana tsaye a fili, an san garinsu, an san ubangidansa, in ya shirga ƙarya a tare shi ranar kasuwa. Da Ma'azu Ɗan Alalo ya wasa Sarkin Damagaram, sunansa ya jingina a kan kowace kalma. Na'ura kuwa me za ta jingina?

Waɗanda suka ga zaɓen 1993, wanda ya kai Mahamman Usman kan mulki, sun san inda waƙa take kai jam'iyya. To, a ce gobe muryar Mamman Shata, wanda ya rasu tun 1999, ta ƙetaro daga Babura cikin salula tana yabon ɗan takarar da bai taɓa gani ba. Tsohuwar da ta tashi da muryar nan a rediyo, da me za ta gane?

Tun 1993 Nijar ta yi dokar kare haƙƙin masu fasaha, har da al'adun gargajiya, a 1995 aka kafa hukumar BNDA. Roƙona gare ta biyu ne: duk waƙar da na'ura ta rera a faɗa tun daga farkonta, kuma kada a taɓa muryar mamaci sai da yardar magadansa. Ku kuma samari masu tura waƙoƙi ta WhatsApp, ku riƙa tambayar wanda ya turo muku inda ya samo.